Kuɗin Lambun Kawu Sun Tafi Maraɗi

Muna idar da sallar asuba ranar Talata muka nufi tashar Madarumfa, ni da kawuna, wan mahaifiyata. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, dangi duka mushe suke kirana, yadda ake kiran malami da Faransanci. Shi kuwa manomin rani ne, lambunsa na bakin tabki. Kwana biyu kafin nan ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce in raka shi banki a Maraɗi tunda ni ke jin Faransanci, amma ko matata kada ta ji.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Bara injinsa na ban ruwa ya mutu tsakiyar rani, alhali kuɗin albasar da ya sayar sun riga sun bi biki da suna da masu zuwa gaisuwa. Kafin ya haɗa na gyara, rabin lambun ya ƙone. Sai wani abokinsa mai canji a Ɗan Issa ya nuna masa wani kati da mutum ke zuba wa kuɗi, ba ya kuma iya kashe fiye da abin da ya zuba. Kawu bai yarda da katin ba, bai ma gama yarda da abokin ba, amma ya fi tsoron aljihunsa.

Direba ya ce dala ɗari da hamsin kowane mutum, wato sefa ɗari bakwai da hamsin, wai esansi, man mota, ya yi tsada. Kawu ya yi ciniki har motar ta cika, a ƙarshe ya biya yadda aka faɗa. Jikka ɗari da ashirin, kowace jikka sefa dubu, ya ɗaure a tsumma cikin 'yar ciki, hannunsa kuma bai bar ƙirjinsa ba tun da muka zauna. Wata tsohuwa mai kai busasshen kifi kasuwa ta dube shi da tausayi, ta ce idan ciwon ƙirji ne kada ya yi wasa da shi, ya wuce likita. Ya ce ya gode, ya ƙara matsawa jikin ƙofa.

Hanyar ba tsawo, amma muna ta tsaye-tsaye: a sauke buhu, a ɗauki akuya, a nuna wa jandarma takardu. Wajen Jiratawa mata suka kewaye motar da ƙullin zogale, ɗanye shar, da araha. Kawu da ba ya wuce zogale bai taya ba, ranar ko ƙyasta ido bai yi ba.

Mun iso Maraɗi banki bai buɗe ba. Muka zauna wurin mai shayi, na sha da burodi da ƙwai, shi ya ce ya ƙoshi. A ƙofar bankin wani mai tsabtatacciyar riga da biro a aljihu ya tare mu, ya ce zai cika mana takardu a dala ɗari, ba sai mun bi layi ba. Ni kaina fara'arsa ta yi mini yawa. Kawu ya tambaye shi ko shi ma'aikacin wurin ne, ya ce kusan haka. Muka wuce shi.

Matar da ke gishe, tagar karɓar kuɗi, ta yi haƙuri da mu ƙwarai. Ta ce akwai ƙaramin asusu na ajiya zalla, ba a cin bashi a kansa, ga kuma katin. Kawu ya lissafa mata bukatun da ke zo masa jefi-jefi: takin zamani, gyaran inji, kayan lakwal na jikokinsa idan an koma, da maganin hawan jinin matarsa duk wata uku. Ta ba da shawara manyan su zauna a asusu, ƙananan a kati. Da ta ambaci abin da ake cirewa kowane wata, sai ya gyara zama.

"Tsaya, ɗiyata. Ni zan ba ku kuɗina ku juya, ni kuma zan biya ku?"

"Ladan tsaro ne, Baba."

"Tukunyar ɗakina ba ta taɓa karɓar lada ba."

"Amma kowa ya san inda take," in ji ta.

Kawu ya turo mini takardar sharuɗɗan da ta miƙo masa, ya ce in karanta masa har ƙananan rubutun ƙasa, kada in tsallake ko ɗigo. A can na ga abin da ba ta faɗa ba: katin na da wa'adi, sabuntawa da kuɗi, kuma ciro kuɗi a injin wani banki ya fi tsada. Ta ce ai da za ta zo kan wannan. Wataƙila da gaske take. Kawu dai ya fasa zuba duka. Jikka sittin ya sa a asusu, talatin a kati, ya maida talatin ƙirjinsa.

Bai tafi ba sai da ya gwada. Matar ta fito ta nuna masa maɓallan injin da ke bango, ya ciro jikka biyar, ya ƙidaya sau biyu, ya ɗaga takardar sama yana duba ko ta gaske ce. Amma da aka zo wurin danna lambar sirri, sai ya ce mini:

"Mushe, je ka duba mini ko rana ta yi."

Ina iya ganin ranar daga inda nake tsaye. Na fita dai, raina a ɓace. Ni na bar ɗalibaina, ni na karanta masa abin da aka so a ɓoye masa, ga shi an kore ni kamar ɓarawon tasha.

Da azahar muka ci shinkafa da wake a wata rumfa kusa da kasuwa, dala sittin kwano, man ya yi kaɗan, yaji ya yi yawa. Ya lura ba na magana. Sai da ya suɗe hannu ya ce:

"Ka ji haushi. To, bara da aka yi maka haihuwa, wa ya cika maka kuɗin rago?"

Na ce shi ne.

"Ban ce ka maido ba, ba kuma zan ce ba. Amma sati uku bayan nan injin ya mutu. Kai ba ɓarawo ba ne, ba na dai iya ce maka babu. In ka san lambar, ka san abin da ya rage, idonka kawai zan gani in ciro."

Ban taɓa haɗa ragon sunan ɗana da ƙonewar lambunsa ba, shi kuwa shekara guda yana ɗauke da lissafin bai furta ba.

La'asar sakaliya muka dawo, tabkin ya yi lumui, masunta na jawo kwalekwale bakin gaɓa. A zauren Kawu muka tarar da surukinsa yana jira, ya ji an sayar da albasa, ga auren ƙanensa ya matso. Kawu ya saurare shi har ƙarshe, ya zaro jikka biyu ya ba shi, sannan ya nuna ni ya ce sauran na Maraɗi, a tambayi mushe. Na ce haka ne, a gabana aka zuba. Mutumin ya dube ni kamar ni na hana shi.

Har yanzu ban saki jiki da bankin nan ba, na kuma ce wa Kawu ya adana kowace takarda da suka ba shi. Amma tafiyar ta nuna mini cewa kuɗin bukatar da ke zuwa sau ɗaya a shekara ba ɓarawo ke cinye su ba, mu na gida ne, da sallama da murmushi. Na tafi a matsayin mai tsare Kawu daga macuta, na dawo na san ina cikin waɗanda ya yi katin saboda su.