Abin da Malama Sake Ta Koyar

Duk nas ɗin da ta fito daga makarantar koyon jinya ta bayan babban asibiti, in ka lallaɓa ta bayanta ka ce "Sake!", sai ta zabura kafin ta waiwayo, ko da kuwa yau ita ce babba a wurin aikinta. Kalmar ta Malama ce, kuma ita ta cinye mata sunanta na gaskiya. Ɗalibai Malama Sake suke ce mata, masu shara ma haka. Har maigidanta, tsohon ma'aikacin gidan waya mai son tsokana, in ta miƙo masa shayi sai ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya ce a sake.

Gajeruwar mace ce mai saurin tafiya, tabarau kullum a ƙarshen hanci. Jinya ba a makaranta ta fara ta ba. Tana 'yar sakandare ɓarin jikin mahaifinta ya shanye, yayyenta maza kowa ya ce aiki ya riƙe shi, sai ya zama ita ke juya tsohon, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke gane abin da yake nufi in harshensa ya ƙi. Da ta shiga makarantar jinya ta faɗa hannun wata tsohuwar Sista, wato babbar nas, mai dukan bayan hannu da almakashi. A nan ta yi wa kanta alkawarin in Allah ya sa ta zama malama ba za ta taɓa jikin ɗaliba ba. Ta kuwa cika alkawari. Teburin gabanta ne ya yi ta shan rula a madadinsu, har fentinsa ya ɗaye.

Bayan ta yi shekaru tana aiki a ɗakunan marasa lafiya aka tura ta ƙaro ilimin koyarwa, ta dawo da wani darasi da take ji da shi kamar ɗan fari: yadda mutum yake koyo. Ba ta gajiya da shi. Za ta ba ɗalibai labarin masanin da ya riƙa kaɗa ƙararrawa kafin ya ba kare abinci, har ya kai da jin ƙararrawar kaɗai miyau ke zubo wa karen. Ta ce wannan shi ne koyo ta maimaici da sakamako: abin da aka yaba maka a kai za ka sake shi, wanda aka tsawata maka za ka bari. Sai ta ce akwai masu cewa koyo na gaskiya sai mutum ya gane dalilin abu ya ɗora shi kan abin da ya sani, akwai kuma masu cewa ido ne babban ɗalibi, mutum na ɗaukar abin da ya ga manyansa na yi ko ba a ce ya ɗauka ba. Takan rufe da gargaɗin cewa nas mai haddar aku hatsari ce. Ɗalibai su rubuta wannan ma, su haddace shi, su zubo mata shi a jarrabawa, ta ba su maki.

Wannan da safe ke nan, a aji. Da rana sai a koma ɗakin gwaji, inda ake koyon aiki da hannu. Ɗaki ne mai gado ɗaya, ɗalibai kuwa sun fi ƙarfin kujeru, na baya sai sun yi ɗage. A kan gadon akwai mutum-mutumin roba da suke kira Baba Haƙuri, don an yi masa allura a cinya har wurin ya zama kamar rariya, bai taɓa cewa uffan ba. Ƙa'idar aiki ita ce kafin ka ba mara lafiya magani ka tambayi sunansa, ka duba katin da ke rataye a gadonsa, ka tabbata maganin nasa ne. To Baba Haƙuri ba ya amsa suna, katinsa kuma ya ɓace tun zamanin da ba wanda ya tuna. Malama ta ga in ta tsaya kowace ɗaliba ta yi wasan kwaikwayo da roba, rana za ta faɗi ba a kai rabi ba. Sai ta tsara musu wata 'yar jimla da za su faɗa da ƙarfi don mai ba da maki ya ji: "Na tambayi suna, na duba kati, mai maganin ce." Kuma ido yana kan sirinji lokacin faɗa, don kada iska ta shiga. Wadda ta yi tuntuɓe a jimlar, rula ta sauka a tebur: sake. Wadda ta zubo ta tiryan-tiryan, Malama ta ce madalla, kuma madallar Malama ba ta da arha.

Dabarar ta yi aiki, in dai cin jarrabawa ne aikin. Masu zuwa duba makarantar daga sama sun sha yaba tsarin ɗalibanta, ita kuma ta sha jin daɗin yabon, ba sai an ɓoye ba.

Cikin 'yan ajin ƙarshe akwai wata siririyar yarinya mai shiru-shiru da ƙawayenta suka laƙaba wa Fotokwafi. Tafiyar Malama take yi, riƙon biron Malama take yi, har tabaraunta ya koyi zamewa zuwa ƙarshen hanci. Ita ce ta farko a gidansu da ta wuce sakandare, ƙannenta tun tana ajin farko suke ce mata Yaya Nas. Tunda ta shigo makarantar rula ba ta taɓa sauka a tebur dominta ba. In ana son nuna wa sababbi yadda ake allura, ita Malama ke kira gaba. Malama na da 'ya'yanta maza da ba wanda ya bi sawunta, saboda haka yarinyar ta shiga ranta fiye da yadda ya kamata malama ta bari.

Saura kaɗan su gama, aka tura su aikin koyo a ɗakin kwanciyar mata. Wata safiya masu shara suka ja gadaje don goge ƙasa, wajen mayarwa aka sauya wa wasu tsofaffi biyu wuri. Wadda aka ɗauke daga kusa da taga ita ce mai ciwon sukari, ana yi mata allura kafin karin kumallo. Fotokwafi ta zo da tire, ta tsaya a gadon da ke kusa da taga, ta ɗaga sirinji sama, idonta a kansa, ta ce da muryar da kowa ya ji, "Na tambayi suna, na duba kati, mai maganin ce." Sistar da ke kula da ɗakin tana gado na gaba tana gyara wa wata ƙarin ruwa. Da ta ji haka ba ta ko ɗago ba. Aka yi wa baiwar Allah da ba ta da ciwon sukari allurar masu sukari. Kafin a jima gumi ya karyo mata, jikinta ya saki, ta daina amsa kira. Allah ya taimaka likita na kusa, aka ɗaura mata ruwa mai sukari, ta farfaɗo tana tambayar inda jikarta ta shiga.

Labarin ya iske Malama a ofis tana duba takardun jarrabawa. Da farko haushi ta ji, irin na uwa. Sai da mai ba ta labarin ta ƙara da cewa abin takaicin ma yarinyar ƙarya ta yi, don da bakinta ta ce ta tambayi suna alhali ba ta tambaya ba, sannan gaban Malama ya faɗi. Ta nemi a maimaita mata kalmomin. Aka maimaita mata jimlarta, babu ragi babu ƙari. Malama ta ajiye biron da ke hannunta. Ita ta san ba ƙarya ba ce. Mai ƙarya ya san abin da yake ɓoyewa. Wannan kuwa sirinji ya hau sama ne baki ya buɗe da kansa, kamar yadda aka horar da shi. Shekara da shekaru tana yi wa mutane bayanin kare da ƙararrawa da safe, da rana kuma ta shiga ɗakin gwaji ta kaɗa tata ƙararrawar, ba ta taɓa haɗa biyun ba.

Makaranta ta kafa kwamiti, Malama na ciki. Shugabar makarantar ta bayyana tun farko cewa kuskure ana yafe shi da jan kunne da maimaita aji, amma ɗalibar da za ta ce ta duba alhali ba ta duba ba, ba a barin ta kusa da gadon mara lafiya har abada. Ke nan maganar duka a kan abu ɗaya take: ƙarya ce ko ba ƙarya ba. Mutum ɗaya ne a teburin ke da amsar.

Aka shigo da yarinyar, idanunta sun kumbura. Aka tambaye ta me ya sa ta ce ta tambayi suna. Ta ce wallahi ba ta san ta faɗa ba, sai da Sista ta gaya mata. Wani malami ya yi tsaki, ya ce ga ƙarya ta biyu. Yarinyar ta dubi Malama sau ɗaya, ba duban neman ceto ba, duban kunya, ta sunkuyar da kai. Da aka fitar da ita Shugaba ta juyo.

"Malama, ke kika koyar da su. An koya musu tambayar suna da duba kati, ko ba a koya musu ba?"

Maganar tana nan a bakin Malama, a shirye. Amma ta hango ritayarta da ta matso, ta hango masu duba makaranta suna dawowa da tambayoyi, ta hango duk nas-nas ɗin da suka bi ta hannunta ana nuna su da baki. Tsoro ne da son kai, ba su da wani suna.

"An koya musu," in ji ta.

Daga nan ta shiga roƙo. Ta yi maganar hazaƙar yarinyar, da ladabinta, da gidan da ta fito, ta ce a dubi Allah a yi mata sassauci. Ta yi maganar da kyau har muryarta na rawa, har Shugaba ta dafa hannunta ta ce kowa ya san tausayinta, amma tausayi ba ya gyara maƙaryaci. Malama ta fito daga zaman da mutuncinta cikakke, har da ƙari. Wannan ƙarin ne ya fi ci mata rai.

A gida abinci ya daina shiga. Maigida ya gwada tsokanarsa ta shayi, ya ga ba ta ko murmusa ba, sai ya ajiye kofin ya tambaye ta lafiya. Ta faɗa masa komai. Ya ce shi bai san aikin asibiti ba, amma ƙofar ofishin Shugaba ba a kulle take ba. Ta ce gobe za ta je. Goben ta zo ta tarar Shugaba na da baƙi, wata goben ta ce bari ta tsara maganar tukuna. A ɗakin gwaji dai ta hana faɗin jimlar, ta sa ɗalibai su riƙa kwanciya a gadon bi da bi ana tambayarsu suna, abokan aiki suka yaba da sabuwar dabara, ba wanda ya tambayi dalili. Tana cikin tsara maganar hukunci ya fito. An kori yarinyar.

Ranar hutu da hantsi, Malama na zaune a baranda tana tsinke zaren wata tsohuwar riga, Maigida na gefe da jarida, aka ƙwanƙwasa ƙofar gida. Fotokwafi ce, cikin kayan gida, jakar tafiya a hannu. Malama ta ji wani irin sauƙi haɗe da fargaba. Ta ce a ranta Allah ne ya kawo ta, yau za ta faɗa mata, gobe kuma su tafi ofis tare. Har ta shirya kalmar farko.

Yarinyar ta ajiye jaka, ta gaida Maigida, ta zo gaban Malama ta durƙusa.

"Malama, ba zan iya tafiya ban zo ba. Kin ɗauke ni kamar 'yarki, kin koya mini daidai, ni na je na zubar miki da mutunci a gaban mutane. Ban san abin da ya shiga kaina ba ranar. Don Allah ki yafe mini."

"Na yafe miki, 'yata, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Maganar ta fita tun kafin Malama ta san ta buɗe baki, sumul, yadda take fita duk lokacin da ƙarami ya durƙusa wa babba. Maigida ya sauke jaridarsa ya dube ta. Ita kuwa yarinyar ta saki ajiyar zuciya, fuskarta ta washe, ta share hawaye da bakin mayafi. Ta ce mota na jiranta, za ta koma wajen iyayenta ta ga abin da Allah zai yi. Malama ta ji kanta tana sa mata albarka, tana cewa ta gaida mutanen gida.

Daga baranda zuwa ƙofa ba nisa, kira ɗaya ya isa ya dawo da ita. Malama na riƙe da rigar a cinyarta, tana kallon bayan yarinyar da ke tafiya irin tafiyarta. A bakin ƙofa yarinyar ta waiwayo.

"Na gode, Malama. An gaya mini ke kaɗai kika tsaya mini a kwamiti."

Malama ta ɗaga mata hannu. Yarinyar ta ja ƙofar a hankali, don kada ta yi ƙara.