Na Kai Keken Malam Dubai

Da kaka ne, bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri har dawa ta tsaya ba ta cika ido ba. Shekara ce mai nauyi a gidanmu. A farkonta Malam, maigidana, ya rasu. Na fita takaba ina zaton sauran haƙuri ne kawai, sai ga 'ya'yana biyu ba sa magana da juna saboda keke.

Bari in faɗi yadda abin yake. Wani Baturen Italiya da Malam ya yi wa aiki lokacin da ake shimfiɗa titi ta wajenmu, shi ya bar masa keken da zai koma ƙasarsu. Da aka zo rabon gado, masu rabo suka yi masa kuɗin akuya, ya faɗa kason babban ɗana, wanda ke aiki a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, a Dubai. Bayan ya koma, sai ya ga mai kama da shi an rataye a wani shago, an sa masa kuɗin ƙaramar mota. Ya bugo wa ƙanwarsa waya yana dariya, wai ashe mota Baba ya bar masa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ɗauka dama ya sani, shi ya sa ya nemi keken. Daga ranar ta daina ɗaukar wayarsa, ko barka da Sallah ba ta yi masa ba. Da ya aiko mini da biza da tikiti in je in huta, na ce to, amma da keken zan zo, a duba shi a gabana.

Mun tashi da asuba daga Rano, ni da maƙwabciyata mai zuwa sarin atamfa da turare, da ƙaninta. Mai gyaran keke ya riga ya cire tayoyin, muka naɗe komai da kwali da tsofaffin zannuwana. A filin jirgin Kano kowa jakarsa shafal, don Dubai da jaka wofi ake zuwa. Ni kaɗai ce da kaya. Ma'aikacin da ya leƙa kwalin ya ɗago ya dube ni.

"Hajiya, mutane na kwaso sabo daga can, ke kina kai musu tsoho? Ko sun yi oda ne?"

Na ce masa asibiti zan kai shi. Ya yi dariya ya manna takarda.

Ban taɓa hawa jirgi ba. Kunnena ya toshe, abincin kuma duk a 'yan ƙananan robobi kamar na wasan yara. Mun yada zango a Adis Ababa, inda na ga sanyi ya sa maza lulluɓa da mayafi. Da muka sauka Dubai, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙarafunan ɗaga kaya a saman gine-gine, ko'ina ka duba, kamar garin duka jiya aka fara shi. A tsakiyar babban titi suna ta kafa ginshiƙai, wai jirgin ƙasa zai bi ta sama.

Ɗana yana zaune a unguwar da ake kira International City, gidaje jere iri ɗaya, launi ne kawai ya bambanta su. Fulat ɗin su biyu ne, shi da wani bawan Allah ɗan Damagaram mai jin Faransanci, wanda ya kwashe katifarsa ya koma wajen abokai don in samu ɗaki. Kusa da su akwai wata kasuwar 'yan Sin mai rufi, doguwa, na bi maƙwabciyata ciki har ƙafata ta kumbura ba mu ga ƙarshenta ba. Shayi da madara a ɗan kofi dirhami ɗaya. Tumatir kuwa manya ne masu sheƙi, ba su da ɗanɗanon komai. Na gode Allah da na ƙunso kuka da daddawa. Ranar da na yi tuwo, sai ga mutanen Kano da na Maraɗi suna ta ƙwanƙwasa ƙofa, wai sun zo gaishe ni.

Ɗana ya rame. Bai tambaye ni labarin ƙanwarsa ba, amma na ga yana duba waya duk sanda ta yi ƙara.

Wurin farko da muka kai keken shi ne Al Quoz, unguwar sito-sito da gareji, babu bishiya ko ɗaya, sai manyan motoci da leburori cikin shuɗin kaya suna jiran bas. Akwai wani makaniken keke ɗan Indiya a can. Ya ɗaura tayoyin, ya ɗaga keken da hannu ɗaya, ya ƙyasta ƙarfen da farce ya kasa kunne. Ƙarar ta fito siririya kamar ta kofin tangaran. Ya ce bututun ƙarfen ba kauri, irin na tsere ne. Ya nuna mana mahaɗar ƙarafunan, yadda aka yanka bakinsu da ado aka goge da hannu. Ya auna wurin da feda ke juyawa, ya ce faɗinsa da yadda ake murɗa shi a ɗaure irin na Italiya ne. A goshin keken akwai 'yan ramuka biyu, ya ce nan tambarin maƙerin yake kafin ya faɗi. Sannan ya kifa shi, ya kankare baƙin fentin da Malam ya shafa, sai ga wani shuɗi mai kyau a ƙasa, da haruffa da lambobi an buga a jikin ƙarfe. Na sunkuya na karanta su ɗaya bayan ɗaya, ɗana yana rubutawa a bayan hannunsa.

Makaniken ya ce na Italiya ne, babu shakka, amma shi ba zai yi masa kuɗi ba. Akwai wani dattijo ɗan Italiyan da ke tara irinsu, kowace Juma'a da sassafe yana hawan keke da abokansa a Hatta, wani gari can cikin duwatsu. Ya buga masa waya, sannan ya ce mana, "Khalas, shi ke nan, ku same shi can."

Hanyar Hatta ta fi mini komai daɗi a tafiyar. Muna fita gari sai rairayi, fari da farko, can gaba ya koma ja kamar an barbaɗa barkono. Ga raƙuma suna kiwo babu mai kora. A bakin hanya ana sayar da tukwanen ƙasa da darduma, na ce a tsaya in taɓa wata randa, irin tamu ce sak, kuɗinta ne ba irin namu ba. Daga nan duwatsu suka taso, baƙaƙe, tsirara, ko ciyawa babu, sai gonakin dabino a gindinsu. Muka riƙa wuce Turawa a kan kekuna, sun duƙa kamar masu neman allura, cikin matsattsun kaya. Na kawar da kai. Ɗan Damagaram, wanda ke tuƙa mu, ya ce, "Inna, waɗannan duk masu kuɗi ne fa. Motocinsu na gida." Na ce to Allah Ya ba su lafiya, mu a wajenmu mai mota ba ya komawa keke sai in an samu matsala.

Dattijon yana jiranmu a gaban wani ɗan shagon shayi. Siriri ne, gashinsa fari fat, yana jin Faransanci, don haka ɗan Damagaram ya zama tafinta. Da aka sauke keken, ya daɗe yana shafa mahaɗar nan da yatsa. Ya duba lambobin, ya ce ƙirar wani ƙaramin maƙeri ce a arewacin ƙasarsu, tun shi dattijon yana saurayi, kuma ba a yi su da yawa ba. Na ga fuskar ɗana ta canza.

Sai dattijon ya zagaya baya, ya ga kariya, wato mazaunin baya da ake ɗora kaya. Ya dafe kai da hannu biyu ya yi wata doguwar magana.

"Me ya ce?" na tambaya.

Ɗan Damagaram ya rage murya ya ce, "Inna, cewa ya yi wane ne ya yi wannan aika-aikar."

Kariyar ta rodi ce, mai kauri, an yi mata walda kai tsaye a jikin keken. Dattijon ya bayyana cewa wutar walda ta ƙona siririn ƙarfen, ta raunana shi, ba mai tsere da zai yarda da shi kuma. Ga kan keken an sauya, an sa miƙaƙƙe irin na kowa. Sirdin ba nasa ba ne. Giyar da ke sauya gudu babu ita. Fentin asali an binne shi. Ya ce masu tara irin wannan keke abin da suke saye shi ne yadda ya fito daga hannun maƙeri, ko da ya tsufa ya kankare. Wanda ɗana ya gani a shago ba a taɓa shi ba, shi ya sa.

Na ce a gaya masa mijina ne ya yi, kuma saboda ni ya yi.

Lokacin da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata, muna zaune a ƙauye, ajin kuma yana cikin gari. Ina goyon ƙaramar, ba zan iya tafiyar a ƙasa ba. Malam ya kai keken wajen mai walda, ya sa aka yi kariyar da za ta ɗauki babban mutum, ya ɗaura mata matashi da igiya. Lanƙwasasshen kan nan mai kama da ƙahon rago ba ya barin mutum ya zauna daidai da kaya a baya, ya cire shi. Giyar tana yawan zubar da sarƙa a cikin yashi, ita ma ya cire. Mutane sun yi ta magana, wai Malam ya zama direban matarsa. Shi dai ya ci gaba da kai ni. Da na gama, kariyar ta ɗauki buhunan gyaɗa, ta ɗauki yaran nan zuwa makaranta da asibiti. Na ce a gaya masa lambobin da yake dubawa, da kaina na karanta su.

Ɗan Damagaram ya juya maganar, ya daɗe yana yi, ina jin ya ƙara da nasa. Dattijon ya cire hularsa ta keke, ya sa hannu ya girgiza kariyar. Ko motsi ba ta yi ba. Ya ce, aƙalla mai waldar ya iya aikinsa. Muka yi dariya duka.

Sannan ya yi masa kuɗi. Yadda yake ɗin nan, bai wuce kuɗin rago ba, shi ma don zai yanke kariyar ne ya rataye sauran a bango. Ya ce abin takaicin shi ne kayan da aka cire, don su kaɗai, in suna nan da tambarinsu, za su yi kuɗin sabon babur. Ya zana kan keken a iska da yatsa.

Na ce suna nan. Malam ba ya yar da ƙarfe. Ƙahon ragon yana kafe a bangon ɗakina, da hannayen birkinsa, a kansa nake rataye hijabi. Giyar kuma tana cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, cikin tsumma mai mai. Masu rabon gado sun zauna a ƙarƙashin ƙahon nan suka yi lissafinsu, ba wanda ya ɗaga kai, ni ma ban kawo a raina cewa dukiya ba ce.

Dattijon ya tambayi ɗana ko zai sayar. Yaron ya dubi kariyar, ya ce a'a, ba za a yanke ta ba. Muka kama hanyar komawa a mota har muka fito daga duwatsu. Can ɗana ya ce, "Inna, ki koma da shi. Ki haɗa da na bangon da na gwangwanin, ki gaya mata kuɗin kowanne, kada ki rage. Ta zaɓa. Abin da ta bari shi ne nawa." Na ce ni ma na yafe tumunina a ciki.

Sauran kwanakin na yi su ne a kasuwa da bakin ruwa. Na hau ƙaramin jirgin katako da ke tsallaka da mutane, na riƙe maƙwabciyata gam har ta ce zan yaga mata mayafi. Na sayo dabino da turaren wuta da 'yan kunne na jikoki. A filin jirgin Kano muka sake haɗuwa da ma'aikacin nan. Ya ga kwalin ya ce, "Hajiya, ba su karɓa ba?" Na ce an duba shi, an sallame mu.

Abin da tafiyar ta koya mini ba mai yawa ba ne. Na ga garin da ake gina sabo kullum, amma a cikinsa akwai masu neman tsohon abu da kuɗi mai yawa, muddin ba a more shi ba. Namu an more shi, shi ya sa ya faɗi a wajensu. Ban ji haushin dattijon ba, gaskiyar sana'arsa ya faɗa, kuma gaskiyar nake nema.

Washegari da safe na sauke hijabaina, na zare ƙahon daga bango, ya bar inuwarsa fara a jikin fentin. Na ciro gwangwanin. Mai gyara ya ɗaura tayoyi, aka tura mini keken har gidan 'yata. Na shimfiɗa komai a tsakar gida, na gaya mata wannan kuɗin rago, waɗannan kuɗin babur, Yayanki ya ce ki zaɓa.

Ta ɗauki ƙahon ta jujjuya. "Wannan ai maratayin jakar makarantata ne." Ta ajiye. Ta je ta dafa kariyar, wurin da igiyar matashi ta ci rodin har ya yi santsi.

Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Inna, Yaya yana cin abinci kuwa?"

Na ce ya rame.

Ta goge ido da bakin zani, ta miƙo hannu. "Ba ni wayarki. Tawa ba kati."