Baba Ƙararrawa Zai Ajiye Aiki

Kafin raɓa ta bushe, Baba Ƙararrawa zai kashe injin yankan ciyawa, ya taka zuwa 'yar hanyar da ta ratsa tsakiyar filin golf. Hanyar ta girmi kulob ɗin. Ita yaran unguwarmu ke bi zuwa makaranta; in ba ita ba sai babban titi, inda tireloli ba su san birki ba. Yana kaɗa ƙararrawa kowane ɗan wasa zai sauke sandar buga ƙwallonsa, har manyan da ba a saba ce musu tsaya ba.

"Baba, ƙwallona zai yi saiwa a nan!" in ji wani ɗan wasa rannan.

"Ranka ya daɗe, ramin ba inda za shi. Yaran kuwa malam na jiran su a ƙofa."

Ba wanda ya sa shi. Tun kulob yana rumfar kwano da ramuka ƙalilan yake wannan tsayuwa, har aka zo aka gina wurin iyo da ɗakin taro. Mai gadi shaida ne ranar da wani baƙo ya buga bayan an kaɗa: Baba ya kare 'yar telan unguwarmu da jikinsa. Ƙwallon ya same shi a kunnen hagu, har yau ba ya ji da shi.

Kai ne ka haye da 'ya'yanmu, Baba, muna gida muna kurɓar shayi.

Ƙarshen watan nan zai huta. Manaja ya ce in babu mai tsayawa, toshe hanyar za a yi. Baba ya aika wa iyaye mu zo mu raba tsayuwar safiya tsakaninmu. Ya share gindin bishiya, ya aro benci ya jera. Ni da tela kaɗai muka je. Ya daɗe yana duban bencin nan, sannan ya yi murmushi.

"Wataƙila ban kaɗa da ƙarfi ba," in ji shi.

Na rasa inda zan sa idona. Da na koma gida autata ta ce, "Abba, to wa zai riƙa tsayar mana da masu buga ƙwallon?" Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Mun gode, Baba. Allah Ya saka maka, Ya ba ka hutu mai daɗi. Ka yafe mana.

Iyaye, tela ya ɗauki Litinin, na ɗauki Talata. Ran Laraba ma yaranmu za su makaranta.