Masta Isaka da Filtar Har Abada

Ina kwance ƙarƙashin wata mota a tashar Madina da hantsi, wani direban torotoro, motar haya, ya leƙo ya ce, "Sule, kafra, sai haƙuri. Mastanka ya tafi." Na fito da sifana a hannu. Ya ce ƙirjinsa ne ya riƙe, aka ɗauko shi daga Maamobi a a-kori-kurar Alhaji Seidu mai goro za a kai shi asibiti. "Motan ya mutu a hanya, Sule. Kafin a samu tasi, shi ma ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Masta Isaka ne ya koya mini gyaran mota. Mai zafin baki ne, ba zan yi masa kwalliya don ya mutu ba. Amma ba ya kai loma baki sai ya ga kowa a garejin ya samu waakye, shinkafa da wake, kuma bai taɓa cire wa mota abu mai kyau ya ce ya lalace ba. Yakan ce, "Inji da hanci yake rayuwa, kamar ni da kai."

A shekarun da kayan gyara suka yi wuya, filtar iska ta takarda, wadda ake jefarwa in ta toshe, ta ɓace daga kasuwa. Sai aka shigo da ta soso, wadda ake wankewa da kananzir, a shanya, a shafa mata mai kaɗan, a mayar. Duk direban da ya tambaye shi ko tana da amfani, amsar ɗaya ce: "Tana da amfani ga mai wanki. Malalaci ya je ya nemi ta takarda."

Alhaji Seidu ya sayo irinta, mai shagon ya ce masa ta har abada ce. A gabana Masta ya ɗaura masa, ya ce duk dawowa daga ƙauyukan goro ya kawo a wanke.

"Masta, an ce har abada ne fa. Kai aiki kawai kake nema."

"Har abada sai Allah, Alhaji."

Alhaji ya ɗauka har abada na nufin kada a taɓa ta. Motar ta yi ta shan jar ƙasa. Masta ya tare shi a ƙofar masallaci ba sau ɗaya ba, shi kuwa sai dariya. Bayan jana'iza na je inda aka ture motar na buɗe. Soson ya daskare kamar bulo, ko allura ba za ta shige shi ba.

Na san ajali, ban ce Alhaji ya kashe shi ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne abin da na ji da kunnena a zaman makoki: "Ai shi ya sa filtan. Aikin hannunsa ne ya ci shi." Alhaji na zaune yana jan carbi, ya bar maganar ta wuce. Haba jama'a! Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a ƙarƙashin motocinku, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kun mai da shi ɗan koyo? Kafin kwana uku direbobi sun fara kwashe motocinsu daga garejin, inda ɗansa Awudu zai ci da uwarsa da ƙannensa.

Ranar addu'ar bakwai na zo da filtar a buhu, na dire ta a tabarma gaban Alhaji. Na ce, "Alhaji, gaya musu yaushe ka kawo ta wanki."

Liman ya ce, "Sule, nan ba wurinsa ba ne."

"Gafarta Malam, nan aka ɓata sunansa."

Alhaji ya kalli buhun, sannan ya ce a hankali, "Ban taɓa kawowa ba. Ya gaya mini, ban ji ba."

Na ce, "Ɗaga murya, na baya ba su ji ba." Ya ɗaga.

Allah ya jiƙan Masta Isaka, ya yafe masa zafin bakinsa, ya sa kabarinsa ya zama wurin hutu. Allah ya ba matarsa Inna Hawa haƙuri, ya riƙa wa Awudu, ya sa albarka a hannunsa. Alhaji Seidu kuwa, Allah ya yafe masa, ya kuma sanyaya zuciyata, don ni har yau in na gan shi hanya nake sakewa.