Takardun Kakan Lola

Takarda uku na riga na ƙona kafin ƙararrawar hayaƙin da ke manne a silin ɗinmu ta fara ihu. Ƙararrawar nan kullum cikin tsine mata nake in ina suyar albasa, amma da ba don ita ba, da na cinye kwalin nan kaf da wuta, ina kuma ganin lada nake kwasa.

A ƙarshen shekarun tamanin muna zaune a Mount Hope, cikin Bronx ta ƙasar Amurka, a hawa na huɗu, ni da maigidana da yaranmu biyu. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Wata Asabar da hantsi na sauka ƙasan gini zubar da shara, sai na ga wani kwali a buɗe a gefen bola, an jingina masa ledar shara mai yoyo. Tsofaffin takardu ne a ciki, sun yi launin ƙasa, an rubuta su da baƙaƙen Larabci, da wasali da komai. A kan layin farko na wadda ke sama na ga bisimilla. Mu da aka raina a Zariya, ko guntuwar takarda ka tsinta a hanya da irin wannan rubutu, sai ka ɗauka ka soka a ramin katanga. In suna da yawa a ƙona su, a binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Ban tsaya karanta layi na biyu ba, na rungumi kwalin na hau sama ina masifa ni kaɗai a kan mutanen da ba su san darajar sunan Allah ba.

Maigida ya ce in bari zuwa Juma'a ya kai wa limamin 'yan Gana a Morris Heights ya duba. Na ce shi dama komai nasa sai gobe. Ya yi dariya, ya kwashi yara suka tafi aski. Ko lif ba su kai ba na ɗauko tsohuwar tukunya da ashana.

Da ƙararrawa ta ɓarke na hau kujera ina kaɗa mata tawul, sai na ji ana buga ƙofa da sanda. Maƙwabciyarmu ce ta ɗakin da ke kallon namu, wata tsohuwa 'yar ƙasar Filifin, nas ce da ta yi ritaya. Yarana suna ce mata Lola, wato kaka a yarensu, ni ma na bi su. Kwanan nan ta dawo daga asibiti bayan ta faɗi a banɗaki, ɗanta kuma ya yanke cewa ƙarshen wata zai mayar da ita wurinsa a New Jersey. Shi ne yake zuwa yana rage mata kaya ba tare da ya tambaye ta ba.

Ta shigo don ta ga ko gobara ce. Idonta ya sauka a kan kwalin. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora tafin hannunta a kan takardun.

"Nawa kika ƙona?"

Na ce uku. Na shiga kame-kame, ina yi mata bayanin al'adarmu, cewa girmamawa ce, ba wulaƙanci ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ba littafin addini ba ne, wasiƙu ne da aka rubuta wa kakanta. Ta dube ni ta saman tabarau.

"'Yata, kina nufin kina iya karanta wannan rubutun?"

A nan kicin ɗina, da ƙaurin hayaƙi a hancinmu, ta ba ni labarinsa. An haife shi lokacin da mutanen Sifen ke mulkin ƙasarsu. Ya karanta shari'a a Manila, ya yi rubutu a jaridu yana caccakar masu mulki. Da Amurkawa suka karɓi ƙasar, da farko yana tare da masu yaƙar su, daga baya ya ce jinin ya isa, ya karɓi kujera a majalisar da suka kafa. Rabin abokansa ba su sake gaishe shi ba. Can aka tura shi kudu, tsibiran da Musulmi ke zaune, ya zama babban jami'i, yana kuma tattara labaru da al'adun mutanen wurin yana rubuta littattafai a kansu. Lola a gidansa ta tashi a can kudun, a hannun wata mai reno 'yar wurin, don haka ta iya yarensu a baki tun tana ƙarama, amma rubutun ba wanda ya koya mata. Ɗakin littattafansa ya ƙone a yaƙin Japanawa, bayan rasuwarsa. Kwalin nan kaɗai ya tsira, don yana hannun mahaifiyarta.

Sai ta zo kan abin da ke cin ta. A zamaninsa ne aka tilasta wa mutanen kudu su miƙa takubbansu na gado, shi kuma aka sa ya karɓa. Wani kawunta ya sha gaya mata cewa takardun nan tsinuwa ce zalla, mutanen da ya zalunta ne suka rubuto masa. Ita kuwa mutumin da ta sani shi ne mai ɓare mata mangwaro da 'yar wuƙar aljihu. Fiye da shekara arba'in tana yawo da kwalin, tana son ta sani, tana tsoron ta sani. Ba ta taɓa kai wa ɗan ƙasarsu ba, don in tsinuwar ce, ba ta son wani ya riga ta ji.

Na ɗauki ɗaya na gwada. Abin mamaki, kamar ajaminmu ne, bakina yana tafiya amma ko kalma ɗaya ban gane ba. Ita kuwa ta miƙe zaune. Ta ce in sake, a hankali. Na sake. Ta ce ai maganar kwalekwale ake yi.

Ni dai na ga dama ta biyan laifina. Saura mako uku a ɗauke ta, takardu kuwa sun kusa cika kwali. Na nemi a mayar da ni aikin safe, ina saukowa daga jirgin ƙasa lamba huɗu da la'asar, in yi salla, in ɗora tuwo, in tsallaka ɗakinta. Ta ce sharaɗinta ɗaya, kada in tsallake ko layi. Na ce ta yaya zan tsallake abin da ban san me yake cewa ba? Ta ce ai shi ya sa ta yarda da ni.

Aikin ya ba mu wuya kuma ya ba mu dariya. Akwai baƙaƙe masu ɗigo uku da ban taɓa gani ba, sai in yi ta gwada sauti har ta ɗaga yatsa alamar na dace. Tana cewa ina karatu kamar mai mura. Ni kuma in ce mata ta gode Allah, malamin allonmu da bulala ya koya mini wannan murar. Wani lokaci kalma ta ɓace mata, ta rufe ido tana motsa leɓe, tana neman muryar mai renonta da ta rasu tun kafin a haifi mahaifiyata. In ta samo sai ta rubuta fassarar a wani littafin makaranta da 'yata ta ba ta. Maigida kuwa ya samu abin tsokana, in na dawo sai ya ce sannu da zuwa shehiya, yau nawa aka ƙona.

Makon farko babu tsinuwa ko ɗaya. Rigimar kwalekwale, rigimar iyakar gonar kwakwa, wata mata tana roƙon a sako ɗanta daga kurkuku. Wani malami ya rubuto yana tuna masa littafin da ya ara, a mayar masa kafin azumi. Muka samu ta biyu daga malamin nan, yana cewa littafi ya iso, har an yi masa sabon bango. Lola ta yi murmushi ta ce haka yake, ba ya riƙe littafin mutum. Amma hankalinta bai kwanta ba. Kullum in na ɗauko sabuwar takarda sai ta riƙe gefen tebur.

Ranar da na yi ƙarfin hali na tambaye ta game da ukun da na ƙona, cewa ta yi in daina, ɗanta ai duka ya zubar, ni uku kawai na ci. Ban sake tayar da maganar ba, ko da yake har yau takan faɗo mini.

A mako na biyu muka ci karo da takardar da take tsoro. Rubutun babba ne, mai shi yana danna alƙalami har tawada ta huda takardar. Ina cikin karantawa na ga Lola ta ajiye biro. Wani dattijo ne, shugaban wani ƙauye. Ya ce takobin da aka karɓe masa na kakan kakansa ne, da shi ake ɗaura auren gidansu, bai taɓa sarar kowa da shi ba. Ya ce kakanta ya ci abinci a gidansa, ya san haka, amma ya tsaya yana kallo aka jefa takobin cikin tari. Ya ce Allah zai yi hukunci tsakaninsu.

Ta rufe littafin fassarar ta ce ya isa, kawunta ya yi gaskiya. Nan fa raina ya ɓaci, don ni ba na iya ɓoye fushi. Na ce mata haba Lola, mutum ya yi shekaru yana mulki, kina so a ce ba wanda ya taɓa kuka da shi? Na gaya mata kakana ma magatakardan alƙali ne a zamanin Turawa, akwai gidajen da har na girma ba sa amsa sallamarmu, akwai kuma waɗanda suke kawo mana ƙosai saboda shi. Na ce ita ta kafa sharaɗin kada a tsallake layi, ba za ta tsallake rabin kwali ba. Ta ce in fita mata daga ɗaki. Na fita. Kwana biyu ba mu yi magana ba, ni ina cika ina batsewa, ina kuma leƙen ƙofarta ta ramin ƙofarmu. Rana ta uku na ji sanda a ƙofa. Ta ce shayinta ya yi yawa, ba mai taya ta sha.

Muka ci gaba. Akwai wasu biyu masu zafi, ta fassara su ba ta tsaya ba. Saura kwana biyu ɗanta ya zo da mota, muka kai ƙasan kwalin. Na ɗauko wata, tun kafin in fara na ce mata na san hannun nan, dattijon takobi ne, ga yadda yake danna alƙalami. Sai dai wannan karon layukan sun karkace, da alama tsufa ya kama shi. Ta ce in karanta.

Na karanta layi huɗu. Na ɗaga kai, ta yi mini alama in wuce. Da na kai kusa da ƙarshe ta ce in maimaita wani layi. Na maimaita. Ta ce in ƙara. Sai da na karanta shi sau huɗu, ni ban san ko zagi nake maimaita mata ba, ga hawaye yana bin fuskarta.

Ta'aziyya ce ya rubuto, lokacin da kakarta ta rasu, bayan kakan ya bar aiki ya koma Manila, ba shi da sauran abin da zai yi wa kowa. Dattijon ya ce maganar takobi tana nan, bai yafe ba. Amma ya ce cikin duk waɗanda aka turo musu, shi kaɗai ne yake cire takalmi ya zauna a tabarmarsu, shi kaɗai yake karɓar takarda da rubutunsu ya kuma amsa da shi. Ya ce ya ji rasuwar, ya yi baƙin ciki, ƙauyen duka suna yi masa gaisuwa.

Na ce to layin da na yi ta maimaitawa fa?

Ta share fuska da bayan hannu. "Cewa ya yi a gaishe masa da 'yar yarinyar nan mai zama ƙarƙashin tebur, wadda ta fi kakanta iya yarensu." Ta nuna ƙirjinta. "Ni ce. Na tuna shi. Yana da jan rawani, yana ba ni rake."

Sai na ce to Lola, gaisuwa ta iso, a amsa. Ta yi dariya cikin kuka, ta faɗi wata kalma da yarensu, ta amsa masa.

Ran Asabar ɗanta ya zo, yana ta sauri don ya ajiye mota a inda ba a ajiyewa. Ta ce ya zauna. Ya ce Mama hanya za ta cushe. Ta ce ta cushe. Ta aiko 'yata ta kira ni, ta miƙo mini takardar dattijon ta farko, mai zafin, ta ce da ita za mu fara, sannan ta biyun. Mutumin ya dubi agogo, ya dube ni, ni da ya san na tsinci kwalin a inda ya jefar. Sai ya cire hularsa ya jawo kujera, ya tambayi uwarsa ta wane gefe ake fara karanta rubutun.