Rut Mai Tafireta da Sunayen Fadama

A Haɗejiya aka haifi Rut, a gidajen malamai da ke bayan wata makarantar firamare. Mahaifinta, Malam Bulus, daga kudancin Kaduna ya zo koyarwa, garin ya karɓe shi, bai koma ba. Tun tana ƙarama aka san ta da tafiyar tunani. In an aike ta bakin kogi sayen kifi, sai an bi sawu, a iske ta tsaye tana kallon ganyen bado yana juyi a kan ruwa, kwanon yana hannunta ba komai a ciki.

A 1984 ta gama koyon buga tafireta a Kano, ta dawo gida ta sami aiki a ofishin wata sakandare. Hannunta da sauri, amma aikinta ba ya ƙarewa da wuri. Tafiretar ba ta da ƙ, ba ta da ɓ, ba ta da ɗ. Duk takardar Hausa da ta buga, sai ta zare ta, ta ɗauki biro ta bi layi-layi tana yi wa haruffan lanƙwasa.

"Kowa fa zai gane," in ji abokan aikinta.

"Na sani," take cewa, ta ci gaba da abinta. A idonta harafin da ba a lanƙwasa ba kamar mutum ne ya fito ba hula.

Shekara tara tana haka, sannan ta koma wani ofishi mai kula da fadamar kogin. A lokacin ruwa ya fara ja baya, masunta na ƙorafi, ofishin kuma yana son tattara sunayen kifaye da tsuntsaye da ciyayi kafin masu saninsu su ƙare. Aka riƙa tafiya da Rut garin Guri don ta rubuta. A can ta haɗu da 'Yar'azumi, wata tsohuwa mai bandar kifi, wadda ta tashi cikin kwale-kwalen mahaifinta. Tsohuwar takan zauna gefen murhu, hayaƙi na lulluɓe ta, tana jero sunaye kamar mai kiran jikoki: ƙawara, kurungu, gargaza, ragon ruwa, ƙirinjijiya mai kuka da damina. Kowane suna da labarinsa. Sau da yawa biron Rut yakan tsaya ba ta sani ba, ta lula cikin fadamar da tsohuwar ke ba da labari, wadda ruwanta ke kaiwa har gindin goruba.

"'Yar nan, kin rubuta kuwa?"

"Maimaita mini, Iya."

Ta buga sunayen, ta yi musu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, aka aika wata maɗaba'a mai nisa. Da littafin ya dawo, an sake buga komai, lanƙwasa ko ɗaya babu. Ɗinya, itaciyar nan mai baƙaƙen 'ya'ya, ta koma dinya, tsuntsuwar ruwa. Shafi na goma sha biyu ya ce yara kan hau dinya su tsinko 'ya'yanta su sha. Ofis ya ɗauki dariya har da masu riƙe ciki. Rut ma ta murmusa, amma ta sa littafin a ƙasan aljihun tebur, ba ta kai wa tsohuwar ba.

A 1998 aka kawo musu wani masanin ruwa, Malam Abdulwahid, wanda ya dawo daga karatu a waje da akwati cike da faya-fayan kwamfuta. Ofishin na da kwamfuta ɗaya, janareta kuma daga goma na safe zuwa biyu na rana yake aiki. Wata rana Rut ta leƙa ta ga yana rubuta wani abu mai kama da shirme: kalmomi sun cakuɗe da karkatattun sanduna da baka-baka.

"Malam, injin ne ya lalace?"

"Lafiyarsa ƙalau, Malama Rut. TeX ke nan. Ba ya nuna miki shafi tun farko. Kina rubuta maganarki, kina saka umarni a tsakani: nan take ne, nan sabon babi, wannan kalma a kwantar da ita. In kin gama, shi zai jera."

"To kafin nan, ina shafin yake?"

Ya nuna goshinta. "A kanki, ina ji."

Amsar ta kwanta mata. Ta tambaye shi ko injin ya san ƙ. Ya ce a cikin faya-fayan akwai haruffan harsunan Afirka, bai dai taɓa buɗe su ba. Suka kwashe kwana uku suna lalube kafin harafin ya fito, shi kaɗai a tsakiyar farin allo, da lanƙwasarsa. Rut ta daɗe tana kallonsa.

Ta ciro tsohon littafin ta soma daga farko. Koyon bai zo da sauƙi ba. In ta buɗe alamar baka ta manta ba ta rufe ba, sai injin ya tsaya cak, ya kafa mata alamar tambaya. Sai ta koma ta bi layuka da yatsa har ta gano inda ta yi tuntuɓe. Amma sannu a hankali ta kai inda take buga umarni idonta na kan taga, shafin kuwa a shimfiɗe cikin ranta: sunan kifi a hagu, labarinsa a dama, da sarari a ƙasa kamar gaɓar kogi. Lokacin da ta fi so shi ne in ta ba injin umarnin jerawa. Rubutu ya riƙa kwarara a kan allo, lambobin shafuka na ɓullowa ɗaya-ɗaya, ita kuwa sai ta ga kamar sabon ruwa ne ke shiga fadama yana cika kwari bayan kwari.

Da aiki ya kammala, Malam Abdulwahid ya nuna mata sabon umarni, wanda ke fitar da littafin a matsayin PDF.

"Wannan ƙullin tafiya ne," in ji shi. "Haruffan suna ɗaure a ciki. Ko a wace ƙasa aka buɗe, abin da kika gani shi za a gani."

Rut ta juya ɗan faifan a tafin hannunta. Bai kai faɗin ƙosai biyu ba, amma shafi sittin da huɗu na ciki. Direban ofis ya kai shi Kano, aka tura littafin ƙetare ta layin tarho. Bayan mako shida ambulan ya iso daga wata jami'a a ƙetare, da kwafin da suka buga a can. Ta ɗora shi kusa da nata, ta bi su shafi-shafi. Ko ɗigo bai gusa ba.

Da kaka ta shiga mota zuwa Guri. 'Yar'azumi ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi hazo. Ta shafa takardar, ta sunsuna, ta ce a karanta mata. Rut ta zauna kan turmi ta karanta tun hantsi har inuwa ta juya, tsohuwar na gyaɗa kai, wani wuri ta kama sunan kafin a ƙarasa shi.

"Saura ɗaya," ta ce da aka gama. "Akwai wata ciyawa mai jan fure da muke tsotsa muna yara. Tun da ruwa ya ragu ban ƙara ganinta ba. Na manta ban gaya miki ba."

"Ba komai, Iya. Faɗa mini."

"Ai an riga an buga."

"Layi ɗaya zan ƙara, sauran su matsa mata."

Tsohuwar ta faɗi sunan sau biyu, a hankali. Ranar Litinin, janareta na tashi, Rut ta saka shi tsakanin ciyayin burgu da kacala, littafin ya zama shafi sittin da biyar. 'Yar'azumi ta rasu kafin damina ta zagayo. Rut ta ci gaba da aiki a ofishin har aka rufe shi, daga nan ta buɗe ɗan shagon buga takardu kusa da tasha, inda malaman makaranta ke kawo mata tambayoyin jarrabawa.