Inda Mama Take Tsayawa

Yamai

Tun kafin ladan ya gama gyaran murya na bar gida, da piyanona na lantarki a kafaɗa, cikin baƙar jakarsa mai tsawon mutum. Sunana Iliya, makaɗin jaz ne ni, wato kiɗan nan da dangina suke cewa kamar ana neman waƙa ne ba a same ta ba. Bana na yi wasa a Kwatano da Wagadugu, na tsara sababbin kiɗe-kiɗe, duk sun tsaya da ƙafafunsu sai guda ɗaya. Wata 'yar waƙa ce da marigayiya mahaifiyata take gunguninta in tana tankaɗe, kuma rabinta kawai na sani. Duk ƙarshen da na ɗora mata sai ya zauna kamar hular aro. Ga shi da ita zan rufe wasan ƙarshen shekara ranar Asabar, an ma riga an sanar. Mutum ɗaya ta rage da za ta san sauran: Inna Dije, ƙanwar Mama, a ƙauye bayan Kiyeshe.

A tasha direba ya dubi jakar, ya dube ni.

"Malam, gawa ce?"

"Piyano ne."

"Ko mene ne dai, bisa zai hau."

Aka ɗaure shi tsakanin buhun albasa da wani rago. Har Doso ina jin ragon yana taka abin da nake ci da shi.

Doso

A shingen shiga gari jandarma ya sa aka sauko da jakar, ya ce in danna ya ji. Batir ya mutu, na danna, sai ƙwas-ƙwas na roba.

"Wannan shi ne jaz ɗin?"

"Kusan haka ne, shef."

Ya ce in yi haƙuri da rayuwa, ya sallame mu. Na huce haushina a kan dambu da kopto, wato kwaɗon zogale.

Dogon Dutsi

Da la'asar na sauka a gidan tsohon fastonmu, wanda ya fara ɗora yatsuna a kan piyanon majami'a. Na sa batir a kuran, wato wutar lantarki, na kaɗa masa rabin waƙar don in burge shi. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Iliya, wagga kak ka sake kaɗa ta cikin gidanga."

Na tambayi dalili, ya ce tuwo na hucewa. Na ɗauka tsohuwar gabarsa ce da jaz, don tun ina yaro yake cewa ina lalata waƙoƙin yabo.

Kiyeshe

Da safe mota ta ajiye ni Kiyeshe, amalanken jaki ya ƙarasa da ni. Inna Dije 'yar bori ce. Mama kuwa ta shiga majami'a tun da ta auri Baba. Suna zumunci, amma wannan maganar ba sa taɓa ta. Na tarar da Inna tana dama fura. Bayan gaisuwa ta nuna kayana da ludayi.

"Mi a wanga?"

"Gogen Turawa ne, Inna."

"Goge da haƙora?"

Na kunna, na kaɗa mata rabin da na sani, na tsaya. Ludayin ya tsaya shi ma.

"Wa ya ba ka wagga?"

"Mama."

"Saratu? Ja'ira!" Ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta ƙare, hawayen suka ci gaba. "Taken Doguwa na, ɗana. Uwakka ai ita Doguwa ka hawa. In mai goge ya ja wagga, kahin kowa ya motsa ta hwaɗi."

Mama fa! Matar da ba ta fashin addu'ar Laraba!

"Rabin hwarko gaisuwa ta," in ji Inna. "Na biyu shi ka saukar da ita. Da ta bi ubanka ta yi alkawali ta bari, kuma ta bari. Sai dai in kewa ta dame ta, ta gaishe ta, ta tsaya nan."

Ni da nake zaton mantuwa ce. Sau nawa ina yaro na ce, "Mama, ƙarasa mana," ta ce in je in wanke ƙafafuna. Ashe kullum tana kaiwa bakin abin da take so, ta kama kanta. Tausayinta ya kama ni, kewarta ta taso mini, na ajiye furar da Inna ta miƙo mini.

"In ƙarasa maka?" Inna ta ce. "Kawo baƙar akuya. Amma in ta sauka bisa kanka babu ruwana, jini guda na."

Na ce ta bar shi. Da ɗan tsoro a ciki, ba zan yi ƙarya ba, don ban ga yadda zan yi birgima a ƙasa da kwat ɗina ba. Amma ba shi ne babban dalilin ba.

Yamai kuma

Ranar Asabar ɗakin wasa ya cika. Na kaɗa rabin waƙar, na juya ta, na ja ta, na dawo da ita. Da na kai wurin sai na ɗage hannuwana. Mai gangarmu ya tsaya da sanda a sama yana hararata. Mutane suka yi tsit suna jiran sauran. Can aka ɓarke da tafi, wani mai gilashi ya zo yana ce mini wannan sabon salo ne na zamani. Na ce masa salon mai tankaɗe ne.

Na iso gida lafiya, na gode wa Allah. Na gode wa direba, da ragon da ya bar mini piyano da rai, da Inna Dije da furarta. Mama, na kai musu gaisuwarki, kuma inda kike tsayawa nan na tsaya.